Farar Ƙwayar Likita Antoni

Shafi na 7

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce za ta biyo ni makaranta in ban sako yau ba. Ku yi haƙuri, gyaran takardun jarrabawa ne ya riƙe ni.

Ga waɗanda yau suka shigo: Na'ima ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a Unguwar Rimi. Ta tafi kwas Zariya na mako uku, ta bar wa mahaifinta, Malam Inuwa kafinta, maganin ciwon suga na wata guda. A bayanta wani Bature ya kafa rumfa a filin bayan masallacin layinsu a Rafin Guza, yana duba mutane kyauta. Yau Asabar ta dawo.

*

"Inna, wannan ba maganin da na bari ba ne?"

Inna Dije ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba.

"Shi ne."

"To ya na gan shi da yawa haka har yanzu?"

"Ai an canza masa."

"Wa ya canza?"

"Likita mana. Baturen."

Na'ima ta ajiye jakarta a kan turmi ta ɗaga labulen ɗakin. Baba yana kwance a kan tabarma, ga jug babu ko ɗigon ruwa a gefensa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Leɓensa ya bushe har ya tsage.

"Mamana, kin dawo?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Miƙo mini ruwa, don Allah."

Daga tsakar gida Inna ta ce, "Cika na biyar ke nan tun safe. Maƙwabta sun ce ciwon ne yake fita ta fitsari."

Na'ima ta ciko jug ɗin. Ta ba shi ruwan, ta jira ya shanye, sannan ta ce, "Baba, ina sabon maganin?"

Ya zaro wata ƙaramar ambulan daga ƙarƙashin matashi, ya miƙa mata da hannu biyu kamar mai miƙa laya.

Ƙwayoyi ne farare, zagayayyu. Babu tambari a jikinsu, babu lamba, babu ko layin tsakiya. Ta juya ambulan ɗin. An rubuta da biro: Safe 2, Rana 2, Dare 2.

Ta daɗe tana kallon lambar biyun nan. Kowacce an yi mata wutsiya ta lanƙwashe sama kamar ta kunama. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai irin wannan biyun. Ita ta riƙe hannunsa ta koya masa rubutu, ta yi ta fama ya daina wutsiyar bai daina ba.



"Ina Sharhabilu?"

"Ƙanin naki yana wurin aiki," in ji Inna. "Shagon kwamfutar nan na Hayin Banki. Kwanan nan ko Lahadi ba su hutawa."

Na'ima ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a harshe.

Sanyi. Zaƙi. Ƙamshin minti.

"Baba, wannan alewa ce."

Ya yi dariyar da ba ta da ƙarfi. "Maganin Turawa ke nan, Mamana. Ko ɗaci babu."

"Kwana nawa kana sha?"

"Yau sha biyu."

"Naka kuma?"

"Likita ya ce in ajiye duk wani magani, nasa kaɗai zan sha."

"Da bakinsa ya faɗa maka?"

"Ai ba ya jin Hausa. Akwai mai fassara."

Ta zauna a bakin tabarma, ta sassauta murya. "Baba, wa ya kawo shi unguwar nan? Daga wane asibiti yake? Ka ga takardarsa?"

"Ke kam da bin diddigi! A masallaci aka yi sanarwa. Ladan Sule da bakinsa, a lasifika, bayan sallar la'asar. Kina nufin a masallaci za a yi mana ƙarya?"

"Ban ce ba."

"To. Ba ki ga fim ɗin Indiyan nan da aka fassara ba, wanda Sharhabilu ya kunna mana a waya? Likita Bature ya bar ƙasarsu da daularsa, ya je ya tare a unguwar talakawa, cikin taɓo da kwata, yana yi musu magani. Har uwarki sai da ta yi hawaye."

"Kai ma ka yi," in ji Inna.

"Hayaƙin murhu ne. To ga shi Allah Ya kawo mana namu har gida."

"Yaushe ya nuna muku fim ɗin?"

Inna ta ɗan yi tunani. "Ana saura kwana uku Baturen ya zo, ina ji."

Na'ima ta buɗe jaka ta fito da na'urar gwada suga. Ta soki yatsansa, ta ɗiga jinin, ta jira. Na'urar ba ta ba da lamba ba. Alamar da ta nuna ita ce wadda take nunawa idan abin ya wuce inda take iya aunawa.

Ta sake. Haka dai.

"Baba, tashi. Asibiti za mu, yanzu."

"Ba inda za ni."

"Baba!"

"Likita ya ce in na haɗa da na wani, an ɓata masa aiki. Mutum ya taso tun daga ƙasarsu saboda mu, ni kuma in watsa masa ƙasa a ido?"

"Shekara tara ina wannan aikin, Baba."

"Na sani. Allah Ya yi miki albarka. Amma nas daban, likita daban."

Maganar ta soke ta, amma ba lokacin jin zafi ba ne. Ta dubi agogo, ta dubi leɓensa.

"In shi ya ce ka je, za ka je?"

"Ko yanzu."

"To mu je wurinsa."

*

Motarta ba ta iya shiga lungun ba, sai a bakin filin ta ajiye ta. Ita da Inna suka riƙo Baba har benci. Ta so ta wuce da shi gaba, ya ƙi.

"Ba zan tsallake layi ba. Su ma marasa lafiya ne."

Ta bar shi da Inna, ta tsaya daga gefe tana kallo.

Layin mata ya kai mutum talatin, na maza ya fi goma. A cikin rumfar ga Likita Antoni nan, dogo, fari, da farar riga da tabarau. Kyamara biyu suna kansa. Wani ya ɗaga doguwar sanda mai gashi a kai. An gaya wa mutane wai ɗaukar aikin alherin ake yi don a nuna a ƙasarsu.

Na'ima ta fara lura da abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Babu littafin rubuta sunayen marasa lafiya.

Babu ruwan wanke hannu.

Wani mutum yana rataya tsummokara a igiya a bayan rumfar, wani kuma yana kwarara ruwa a ƙasa da bokiti yana tattakawa har ya zama taɓo. Me ya haɗa asibiti da ƙirƙirar taɓo?

Likitan ya ɗora abin sauraron ƙirji a bayan wata tsohuwa, ya runtse ido, ya gyaɗa kai. Kunnuwan abin kuwa suna rataye a wuyansa.

"A sake!" in ji wani mai hular hana sallah da ke tsaye kusa da shi. "Mama, ki ƙara yin tarin nan. Da ƙarfi."

Tsohuwa ta ƙara. Sau uku aka duba ta.

Sai likitan ya cire tabarau ya share zufa da bayan hannu. Na'ima ta ƙura masa ido. Ta san fuskar nan. Ba a asibiti ba, ba a talabijin ba. A ina?

Ya lanƙwasa wuya hagu da dama har ya yi ƙara.

Unguwar Kawo. Shagon taya. Bara ne, ita da mijinta. Wannan mutumin ne ya dafa taya yana cewa, "Alhaji, wallahi ko uwata ce ta zo, haka zan sayar mata." Faruk sunansa, jikan Kwarori 'yan Labanan ne, a Kaduna aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

Aka ce a huta minti biyar. Mai hular ya zagaya bayan wata farar bas yana latsa waya. Ta bi shi.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, Hajiya. Layin mata yana can."

"Ba layi na zo ba. Kai ne mai fassara?"

"Ni ne. Ja'afaru."

"Ina son ganin lasisin likitanku."

Ya dube ta daga takalmi har mayafi. Ya gane ba 'yar layi ba ce.

"Muna da takardar mai unguwa."

"Mai unguwa ba ya ba da lasisin likita. Daga wace ƙasa yake?"

"Daga Turai."

"Turai ta Kawo? Layin masu taya?"

Ja'afaru ya sa wayar a aljihu. Ya waiga hagu da dama, ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Hajiya, rage murya mu fahimci juna. Fim muke yi. Ni ne darakta. Akwai wani na Indiya da ya karɓu, shi muke mayarwa namu. Ba mu ɓoye wa kowa ba."

"Ba ku ɓoye ba?"

"Wallahi. Takarda muka rubuta a karanta a masallaci: za a ɗauki fim na wani likita Bature mai duba marasa lafiya, ana son jama'a su fito. Ɓaro-ɓaro. Ladan ne ya ce shi bakinsa ba zai ambaci fim a lasifikar masallaci ba, tsakanin salla da salla. Sai ya tsallake wurin ya karanta sauran. Laifinmu ne?"

"Da gari ya waye kuka ga an kawo muku marasa lafiya na gaske fa?"



"Hajiya, ke ba ki san sana'ar nan ba. Kukan da matan nan suke yi, babu ɗan wasan da zai iya shi. Ko Indiyawan ba su samu irinsa ba. Kwana uku ya rage mu gama."

"Kai ka ce wa mahaifina ya ajiye maganinsa?"

"A cikin labarin yake. Likita yana hana su shan na 'yan talla. Ni abin da ke rubuce nake faɗa."

Ta ɗaga ambulan ɗin a gaban hancinsa.

"Haba, Hajiya, alewa ce fa. Wa alewa ta taɓa kashewa?"

"Mai ciwon suga. Guda shida kullum, kwana goma sha biyu, babu maganinsa."

Murmushin ya ɓace.

A daidai nan ƙofar bas ɗin ta zuge. Wani ya sauko da baya, rungume da kwali cike da ƙananan ambulan, biro a maƙale a kunnensa.

"Oga, na gama na yau, guda sittin ne..."

Ya juyo.

Kwalin ya kusa suɓucewa.

"Yaya."

"Sharhabilu. Nan ne Hayin Banki?"

"Yaya, don Allah ki tsaya in yi miki bayani."

"Ina jin ka."

"Ni kayan aiki kawai nake haɗawa. An ce in samo abin da zai yi kama da magani, wanda ba zai cutar da kowa ba."

"Fim ɗin da ka kunna wa su Inna fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Oga ne ya ce mu yaɗa shi a unguwa, don mutane su saba da labarin."

"Ka san Baba ya shiga layi?"

"Na hango shi. Na ɓuya a mota. Kin san Baba, in ya ji harkar fim nake yi..."

"A gidan kake kwana. Ambulan ɗin tana ƙarƙashin matashinsa, da rubutunka a jiki."

"Na ɗauka yana haɗawa da nasa ne. Wallahi, Yaya, na ɗauka..."

Salatin Inna ne ya katse shi.

Na'ima ta kwasa da gudu.

Baba ya zame daga benci. Maza biyu sun cicciɓe shi, amma ba wajen mota suka nufa ba. Cikin rumfa suka shigar da shi, suka kwantar a gaban likita. Mutane suka yi da'ira.

Ta ji Ja'afaru a bayanta yana ce wa mai kyamara ƙasa-ƙasa, "Kunna. Kunna mana."

Ta kutsa ta durƙusa. Idon Baba a buɗe, numfashinsa yana fita da nauyi. Hannunsa ɗaya ya kama gefen farar rigar.

"Likita," ya ce, "'yata ta ce asibiti. Ni kai nake jira. A fassara masa."

Faruk ya dubi Ja'afaru. Ya dubi kyamara. 

Na'ima ta matsa kusa da kunnensa.

"Na san ka, Faruk. Na san kana ji na. Sugansa ya wuce awo. In ya kai magariba a haka, ba lallai ne ya farka ba. Ni ba zai saurare ni ba. Rigar nan zai saurara."

Ja'afaru ya sunkuyo ta ɗaya gefen. "Ka faɗa da Turanci ya je asibiti, ni in fassara. Shi ke nan, kowa ya huta. Hajiya, hakan ya yi?"

"Ku faɗa da kowane yare," in ji ta. "Ni dai ya tashi."

Faruk ya buɗe baki.

Sai Baba ya laluba aljihu ya fito da wasu ƙwayoyin guda biyu a tafin hannu.

"A tambaye shi... na rana ban sha ba. In sha kafin mu tafi?"

Faruk ya kalli tafin hannun nan mai kantar guduma. Ya ɗaga kai ya kalli layin. Kusan kowa riƙe yake da ambulan irin wannan, wasu sun ƙulle ta a bakin zane.

Ya cire tabarau ya ajiye.

"Faruk," in ji Ja'afaru. "Kwana uku ya rage."

Ya cire abin sauraron ƙirjin. Ya ɓalle maɓallan farar rigar ɗaya bayan ɗaya, ya ninke ta, ya ɗora a kan tebur. Sannan ya durƙusa gwiwa biyu a cikin taɓon da suka kwaɓa da hannunsu.

"Baba," ya ce, da Hausar da ta fi ta ladan fita, "ka yafe mini. Ni ba likita ba ne. Taya nake sayarwa a Kawo. Wannan alewa ce. Don girman Allah ka bi 'yarka."

Filin ya yi tsit. Janareta kaɗai ke magana.

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu. Bature ya yi Hausa."

Baba ya daɗe yana kallonsa. A hankali ya karkata tafin hannunsa, ƙwayoyin suka gangara cikin taɓo.

"Mamana."

"Na'am, Baba."

"Kai ni."

Ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa, Faruk ya kama ɗaya ɓarin. Sun yi taku uku ke nan wata mata ta fito daga layi ta tsaya a gabansu. Hansai ce mai ƙosai, ta bakin masallaci. Ga ambulan a hannunta.

"Ɗan nan, tsaya. Maigidana fa? Hawan jini gare shi. Kai ka ce ya ajiye nasa. Tun jiya ba ya iya ɗaga hannunsa na dama."

"Ni ma uwata!"

"Ina mai fassarar? Ku tare shi!"

"Ku rufe hanya, kada wanda ya fita!"

Layi ya watse ya zama bango. Na'ima tana hango motarta ta saman kawunan mutane, taku ashirin, amma babu ko inda za a sa ƙafa.

"Don Allah ku ba mu hanya! Mara lafiya ne! Malam Inuwa ne fa!"

Babu mai jin ta.

Turereniyar ce ta turo Sharhabilu har gabansu, har yanzu rungume da kwalin, ya rasa inda zai jefar da shi.

Baba ya ɗago kai da ƙyar. Ya dubi ɗansa. Ya dubi kwalin. Ya miƙa hannu ya zaro ambulan ɗaya daga sama, ya kawo ta dab da idonsa, ya tsaya a kan lambar biyun mai wutsiya.

Ya kama wuyan hannun Sharhabilu.

"Sharhabilu."

"Baba..."

"Rubutunka ne wannan?"

Sharhabilu ya buɗe baki zai amsa.

Hannun Baba ya saki.